Kafin bango ya faɗi, a rubuta tarihin gidajen silima

Maganarmu ta yau bisa gidajen silima take, waɗanda a da suke cika maƙil kowane dare cikin manyan garuruwan ƙasarmu, yau kuwa galibinsu sun rufe. Wasu sun koma kantuna, wasu sun zama wurin ajiyar kaya, wasu an rushe su an aza wani gini bisa filinsu. Mutanen da suka yi aiki cikinsu sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ra'ayinmu shi ne, wannan tarihi namu ne, in kuwa ba a rubuta shi yanzu ba, nan gaba kaɗan za a nemi mai ba da shi a rasa. Aikin ya rataya bisa wuyan mutane iri biyu da ke karanta wannan shafi: waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, da ma'aikatan hukuma.

Yadda gidan yake

Yaron da aka haifa zamanin wayar hannu bai san siffar gidan silima ba, saboda haka bari mu kwatanta masa. Fili ne babba da aka kewaye da doguwar katanga, domin kada na waje ya yi kallon banza. Yawancinsu ba su da rufi, don zafin ƙasarmu ya fi ruwanta yawa. A gaba akwai bango mai tsawo da aka shafe da farar ƙasa, nan hoto ke fitowa. A baya akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai tagogi ƙanana, nan injin yake. Wurin zama kashi-kashi ne gwargwadon aljihu. Mai ƙaramin tikiti yana gaba, bisa dakalin siminti, yana ɗaga wuya. Mai babban tikiti yana baya, bisa kujera, wani lokaci ƙarƙashin rumfar kwano. Ba a fara wasa sai duhu ya yi. Da damina, in hadari ya taso, sai kowa ya yi ta kansa.

A Yamai, tsofaffi suna tuna Vox da Soni da Zabarkan da Jangorzo. Maraɗi da Damagaram da Tawa duk sun yi nasu. A ƙetaren iyaka, Kano ta sami gidan Rex cikin shekara ta 1937, sannan Palace cikin 1952. Abin da ake nunawa kusan iri ɗaya ne ko'ina: finafinan Indiya masu waƙa da rawa, na kaboyi daga Amurka, na ƙasar Masar, daga baya kuma na ƴan karate.

Ƙauye kamar Bazaga ba shi ake gina ma gidan silima ba. Duk da haka silima ta iske mutanen karkarar Ƙwanni da Malbaza da Illela ta hanya biyu. Ta farko ita ce cin rani da fatauci. Saurayi ya tafi Sakkwato ko Kano ko Abijan neman kuɗi, ya shiga silima, ya komo gida da labarin da za a yi ta ji a dandali har wata guda. Ta biyu ita ce motar silima, wadda ke zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a filin gari, a nuna fim bisa kiwon lafiya ko noma ko labarun ƙasa. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna nan cikin ƙauyukanmu, su ma shaidun wannan tarihi ne.

Masu aikin

Babban ma'aikacin gidan shi ne mai injin, mutumin da ƴan kallo ba sa gani, ba sa kuma tunawa da shi sai fim ya tsinke su yi masa ihu. Aikinsa sana'a ce ta gaske, wadda ake koyo shekara da shekaru a hannun maigida, kamar ƙira ko ɗinki.

Fim yana zuwa cikin kwanonin ƙarfe, zare ne mai faɗin milimita 35, hotuna jere bisansa, murya kuma tana gefe. Injin yana jan hoto 24 cikin sakan ɗaya, shi ya sa ido ke ganin mutane suna motsi. Naɗi ɗaya yana da tsawon mita 600, ba ya wuce minti 20 da ɗan kai. Fim mai awa biyu naɗi shida ke nan, na Indiya mai awa uku ya fi haka. Don kada wasa ya tsaya, gidan da ke da hali yana aje inji biyu gefe da gefe. In naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo yana bayyana a kusurwar hoto ta sama, hannun dama. Mai injin ya gan shi, sai ya tada inji na biyu. Ɗigo na biyu ya fito, sai ya juya haske daga wannan zuwa wancan, ba tare da ɗan kallo ya lura ba. In ya yi gyangyaɗi, duk gida ya sani.

Hasken tsofaffin injuna daga sanduna biyu na gawayi yake fitowa, waɗanda wutar lantarki ke ci a tsakaninsu. Suna ƙonewa a hankali, dole a dinga matso su, in ba haka ba hoto ya dushe. Ɗakin kuwa zafi gare shi kamar maƙera. Da rana kuma akwai wani aikin: a mayar da kowane naɗi farkonsa, a bi shi da yatsa ana laluben inda ya yage, a yanke, a kankare, a liƙe. Fim ba ya isowa garuruwanmu sai ya gaji da yawo daga Dakar zuwa Abijan zuwa wasu birane, ya sha yanka da liƙi. Shi ya sa wani lokaci ɗan wasa yana bakin ƙofa, kafin ka ƙifta ido ya riga ya hau doki.

Aikin yana da haɗari. Zaren fim na farko ana yin shi da wani sinadari mai kama wuta kamar fetur, wanda ruwa ba ya kashewa da sauƙi, sai wajen 1951 masana'antu suka daina yin irinsa. Wuta ita ce abin tsoron kowane gidan silima. Ran 13 ga watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a gidan El Duniya na Kano, mutum 331 suka rasu.

Bayan mai injin akwai mai sayar da tikiti, wanda ke lissafi cikin turereniya, in dala ɗaya ta ɓace a albashinsa za a cire. Akwai mai tsaron ƙofa, wanda ya san duk dabarun yara masu son shiga kyauta. Akwai yaron da ke yawo da allon talla cikin kasuwa da tasha, yana shelar fim ɗin daren. Akwai mai shara. A bakin ƙofa kuma ga mai tsire, ga mai shayi, ga mai gyaɗa, ga mai gadin kekuna. Har da wani ma'aikaci da ba a biya: wanda ya ga fim ɗin sau goma, yana zaune yana fassara ma na kusa da shi abin da Ba'indiye ke faɗi. Gida ɗaya yana ciyar da iyalai da dama.

Gidan namu, fim na wasu

Akwai abin takaici cikin wannan tarihi, wanda ya kamata ma'aikatan hukuma su yi nazarinsa. Lokacin da muka sami mulkin kai cikin 1960, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da shigo da finafinai da rarraba su cikin ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka, kuma gidaje da yawa nasu ne. Su ke zaɓen abin da za mu gani. Tsohon fim da ya riga ya maida kuɗinsa a Turai ya fi musu arha bisa sabon fim na ɗan ƙasa.

Alhali kuwa Nijar tana sahun gaba wajen shirya fim. Mustafa Alasan ya yi Aouré, wato Aure, tun 1962. Umaru Ganda ya kai Cabascabo bikin finafinai na Kan a Faransa cikin 1969. Cikin 1972, lokacin da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa, fim ɗin Ganda mai suna Le Wazzou polygame ne ya ɗauke ta. Zalika Sule ta zama ɗaya daga cikin matan Afirka na farko da suka yi suna a wasan fim. Jingare Maiga ya biyo baya da nasa finafinai. Amma samun dare ɗaya a bangon silimar gida ya fi musu wuya bisa samun yabo a ƙasashen waje.

An yi ƙoƙarin gyara. Cikin 1970 ƙasar Haute-Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso, ta karɓe gidajen silimarta daga hannun kamfanonin. Daga baya ƙasashe da dama suka haɗu suka kafa hukumar rarraba finafinai ta bai ɗaya, CIDC, a Wagadugu, ɗan Nijar Inusa Useini ya shugabance ta, amma ba ta wuce tsakiyar shekarun 1980 ba ta durƙushe. Cikin watan Maris na 1982 masu shirya fim na Afirka suka taru a Yamai, suka fitar da sanarwa mai nuna cewa shirya fim ba ya tsayawa da ƙafarsa sai in akwai gidajen nunawa, da hanyar rarrabawa, da kayan aiki, da horon ma'aikata. Gaskiya suka faɗa. Da gidajen suka rufe, sana'ar ta yi rauni tun daga tushe.

Abin da ya rufe su

Ruwa ba ya tsami banza. Talabijin ta ƙasa ta fara aiki sosai cikin 1979, aka kuma kafa akwatuna masu aiki da hasken rana a wuraren taruwar jama'a. Bayanta bidiyo ta shigo, kowace unguwa ta sami zaure ko rumfar da ake kallo da kuɗi kaɗan. Cikin 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe, kaset ya riƙa ƙetaro iyaka ta Ƙwanni da Maraɗi. Mace da ba ta taɓa taka ƙofar silima ba ta sami kallo cikin ɗakinta, da harshenta. Ran 12 ga Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Hayar fim da kayan gyaran inji, waɗanda ake saye daga waje, suka ninka, aljihun ɗan kallo kuwa bai ninka ba. Daga ƙarshe masana'antun duniya suka bar zaren fim suka koma na'ura mai kwakwalwa, tsofaffin injuna suka rasa abin ci. Gidan CanalOlympia mai kujera 300 da aka buɗe a Yamai cikin 2017 wani sabon salo ne, ba ya da alaƙa da tsofaffin ma'aikatan da muke magana bisansu.

Masu cewa gara da suka rufe

Mun san akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba za mu raina maganarsu ba. Iyaye da malamai da yawa sun ɗauki silima matattarar ƴan iska. Yara sun saci kuɗin cefane don tikiti. An yi faɗa a bakin ƙofa. Samari sun kwaikwayi tafiyar kaboyi da shan tabarsa. Mustafa Alasan da kansa ya yi ma wannan hali dariya cikin 1966, a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba ma abokansa, suka hau dawaki suka dami gari.

Amsarmu ita ce, tarihi ba yabo ba ne. Ana rubuta mai daɗi da marar daɗi, don na baya su san inda aka yi tuntuɓe. Sannan a duba abin da ya maye gurbin silimar. A da akwai ƙofa, akwai mai tsaronta, akwai lokacin tashi, kuma abin da ɗa ya gani, maƙwabcin ubansa ma ya gani. Yau kallo ya koma cikin tafin hannu, yaro shi kaɗai cikin duhu, ba mai tambayarsa. Usman Sambene na Senegal yakan kwatanta silima da makarantar dare. Ku da kuka zauna ajin dare kuka koyi baƙi da wasali bayan gajiyar gona, kun fi kowa sanin darajar wurin da manya ke taruwa su koyi abu tare, su yi gardama bisansa a hanyar komawa gida.

Rabon jiharmu

Jihar Tawa tana da haƙƙi na musamman cikin wannan magana. A garin Tawa Mustafa Alasan ya zauna shekaru masu yawa, ya maida wasu ɗakunan masaukin baƙinsa wurin shirya finafinan zane da na ƴan tsana, har ya rasu cikin 2015. Jean Rouch kuma, Bafaranshen da ya sa Umaru Ganda a fim ɗin Moi, un noir na 1958, ya kuma yi aiki da Damure Zika shekaru fiye da hamsin, a kan hanyar Tawa ya gamu da ajalinsa. Haɗarin mota ne, kusa da Birnin Ƙwanni, ran 18 ga Fabrairu na 2004, yana da shekara 86. A tambayi ɗaliban Ƙwanni da Malbaza da Illela, nawa ne cikinsu suka taɓa ganin fim ɗaya na waɗannan mutane? Laifin ba nasu ba ne, ba a nuna musu ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, aikin masu ilimin yaƙi da jahilci. Tun 1963 ƙasarmu ke koya ma manya karatu da harsunan gida, kuma tun 1962 ƙungiyoyin sauraron rediyo suka fara ɗaukar muryar talakawa cikin ƙauyuka. Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Kowane ɗayanku ya ɗauki littafin rubutu da alƙalami, ko wayar da ke ɗaukar murya, ya nemi tsohon mai inji, ko mai tikiti, ko mai tsaron ƙofa, ko dattijon da ya ga motar silima a garinsu. A gaishe shi da ladabi, a nemi izininsa, sannan a tambaye shi: Baba, wace shekara ka fara? Wa ya koya maka? Ina gidan yake, wa ya gina shi? Nawa ne tikiti, nawa ne albashi? Ta wace hanya fim ke zuwa, kwana nawa yake yi? Wane fim ya fi cika gida? Wane dare ne ba ka mantawa? A rubuta yadda ya faɗa, da Hausarsa, kada a gyara masa baki. A sa rana da wuri. A tambayi mata su ma, waɗanda suka yi sana'a a bakin ƙofa da waɗanda aka hana zuwa. Cikin 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Harshe kuwa yana ƙara nauyi ne da abin da aka rubuta cikinsa.

Na biyu, aikin hukumomin gundumomi da na garuruwa. A ƙidaya duk inda aka taɓa nuna fim, ko gini ne ko fili, a ɗauki hotonsa, a auna shi, a rubuta halin da yake ciki. Takardun izini da na haraji suna cikin ɗakunan ajiyar ofisoshi, a fiddo su kafin gara ta gama da su. Ƙasarmu tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Ginin siminti na shekarun 1950 ko 1960 shi ma kayan tarihi ne, ba sai fadar sarki kaɗai ba. Ba muna cewa a ƙwace ma kowa dukiyarsa ba. Mai gini yana da iko da abinsa. Amma ana iya zama da shi a yi shawara, ko a bar bangon gaba yadda yake, ko a kafa allo mai faɗin abin da wurin yake a da.

Na uku, a ceci kayan aiki. Tsohon inji da aka jefar bayan gida, masu sayen ƙarfe a kilo suna jiransa. Kwanon fim da ya fara warin tsami ya kama hanyar lalacewa, don zafi shi ne babban maƙiyinsa. A tattara injuna da allunan talla da ragowar tikiti, a miƙa su gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko a keɓe musu ɗaki a gidan matasa da al'adu na gunduma. Rubuce-rubucen da muryoyin da aka ɗauka a kai kwafinsu cibiyar bincike ta IRSH, inda Mustafa Alasan ya fara koyon aikin fim.

Na huɗu, a tuna da mutanen kansu. Wanda aka rubuta sunansa a asusun fansho, a taimake shi ya bi haƙƙinsa. Wanda ya yi aiki ba takarda, a ƙalla a kira shi ranar biki, a zaunar da shi gaba, a ambaci sunansa. Yabon gwani ya zama dole, kuma ya fi amfani tun yana da kunnen ji.

Na biyar, a maida fim gaban jama'a. Abin da a da sai da mota guda, yau ɗan ƙaramin inji da batir mai cajin rana sun isa. Gidan matasa na Ƙwanni ko filin makarantar Bazaga suna iya nuna fim sau ɗaya a wata, da rani, bayan sallar lisha, a fara da na ƴan ƙasa, a sa mai fassara, a ba tsohon mai inji minti goma ya yi bayani. Cibiyar silima ta ƙasa da aka kafa cikin 2008, irin wannan aiki ne ya dace ta sa hannu ciki. Wasu sun gwada farfaɗo da tsofaffin gidaje: a Njamena an gyara Normandie aka sake buɗe shi cikin 2011, a Bobo-Julaso kuma wata ƙungiya ta tashi don sake gina Guimbi. Mu ba mu nemi mai yawa ba, mu fara da abin da hannunmu ke iya kaiwa.

Ƴan uwa, waiwaye adon tafiya ne. Gini in ya faɗi ana iya tada wani, amma dattijo in ya tafi da abin da ke cikin kansa, ba mai komo da shi. Littafin rubutu bai kai kuɗin kwanon hatsi ba. Wanda ya san wani tsohon ma'aikacin silima a garinsu, ya je ya gaishe shi cikin wannan mako, ya tafi da alƙalaminsa.